Yadda Malam Mani Ya Share wa Furera Hanya

Duk wanda ya saba cin kasuwar Tsanyawa a shekarun baya, kafin babura su cika ƙasa, ya san Malam Mani mai gyaran keke. A gindin wata tsamiya yake zama, daidai inda hanyar ƙauyensu, Unguwar Ɗorawa, ta faɗo kan titi. Kayan aikinsa a lokacin ba su da yawa: famfo, da sifanu, da kwanon ruwan da yake tsoma tif don neman huji, da wani akwatin katako da yake zama a kai. Gajere ne kakkaura, marar yawan magana. In ka kawo masa keke sai ya ɗaga ƙafar baya, ya murza feda, ya kasa kunne, sannan ya ce ka je ka yi cefanenka ka dawo. Da damina kuwa manomi ne kamar kowa, ga gero da dawa a gonar gado, ga 'yar gyaɗa da wake a wata ƙaramar gona ta bayan gari.

Yana saurayi aka yi babban farin nan da ya ƙarar da shanun mutane. A shekarun ya ga mahaifinsa yana miƙar da tsohuwar ƙusa a kan dutse don babu halin sayen sabuwa, ya ga mahaifiyarsa tana ɗinke ƙwarya ɗaya har ɗinkin ya kusa fin ƙwaryar yawa. Abin ya zauna masa a rai. Dama kuma a wannan yanki, inda gona take manne da gona babu ko guntun daji a tsakani, ba a saba zubar da abu ba. Toka da kashin awaki da sharar tsakar gida duk gona ake kai su, kara kuwa ya zama danga ko makamashi. Sai dai na Malam Mani ya fi na kowa. Shi a wurinsa babu abin da ya mutu. Kacar da ta tsinke za a ciri guntunta a haɗa wata, tsohon tif zai zama guga ko robar ɗaure kaya, gwangwanin madara zai zama mazubin ƙusoshi. In ka ɗauki abu za ka jefar a gabansa, sai ya miƙo hannu.

"Kawo nan," zai ce. "Zai yi amfani."

Kuma sau da yawa yana yin amfanin. Mai neman noti, da mai neman murfin tukunya, da wanda ƙotar fartanyarsa ta karye da tsakar noma, duk gidan Malam Mani suke nufa. Zai shiga ya yi ta ƙwaƙule-ƙwaƙule, can ya fito da abin yana kaɗe masa ƙura, kuma ba ya karɓar ko sisi. Mutane sun ji daɗinsa, shi ma ya ji daɗin wannan suna.

Matarsa Furera 'yar Shanono ce, doguwa mai fara'a, wadda daddawarta ta yi suna har dillalai suna zuwa sari daga ƙauyukan kewaye. Allah ya ba su 'ya'ya, uku suka rayu: Tahira da take aure a Rimin Gado, da Kamaruddeen mai harkar awaki da tumaki a Kano, sai auta Zulfa.

Da babura suka yawaita, gyaran keke ya ja baya. Matasa suka buɗe rumfunan gyaran babur a bakin titi, gindin tsamiya ya zama sai a wuni ba a yi faci ko ɗaya ba. Ga gwiwa ta fara damunsa. Wata rana Malam Mani ya ari amalanke ya kwaso duk abin da ya tara a rumfarsa ya kawo gida, har da wasu kekuna da masu su suka bari ba su waiwaye su ba. Zaure ya fara cika. Daga nan mutane suka mai da gidan wurin sauke duk abin da suke jin nauyin jefarwa. Rediyon da ya daina magana, a kai wa Malam Mani. Fitilar ƙwai da ta fashe, tsohon kwanon rufi, jarkar da ta huje, ƙarfen gado, duk a kai wa Malam Mani. Shi kuwa bai taɓa cewa a'a ba.

Da mahaifiyarsa, Iya, ta rasu, sai ya ja ƙofar ɗakinta da kayanta a ciki yadda ta bar su, daga baya ya riƙa tura buhuna da tarkace a kansu har ƙofar ta daina rufuwa. Lungun da yake tsakanin rumbu da katanga ya cika. Tsakar gidan da a da ake shanya kalwa tabarma bayan tabarma ta koma 'yan siraran hanyoyi, ɗaya ta nufi murhu, ɗaya ta nufi randa, ɗaya ta zaga bayan gida.

Furera ba mai faɗa ba ce, da wasa take faɗar abin da yake ranta.

"Malam, wata rana ni ma za ka jingine ni a bayan rumbu."

"Ke ai yanzu ma kina amfani," zai ce, ko murmushi bai yi ba. Ita kuwa ta yi ta dariya.

Shekarar da aka aurar da Zulfa idon Furera ya fara ba ta matsala. Da farko gefe-gefe ne ya riƙa dushewa, sai abin da yake gabanta sosai take gani. Ta ɗauka gajiyar biki ce da hayaƙin dafa kalwa. Ba ta faɗa wa kowa ba sai da ta fara zuba ruwa a gefen kofi. Kamaruddeen ya zo ya ɗauke su zuwa asibitin ido a Kano. Likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma in ana ɗiga magani za a iya riƙe ɗan hasken da ya rage. A motar dawowa Furera ce take ba Malam Mani haƙuri, shi kuwa ya zuba wa gonakin bakin hanya ido har suka sauka.

Ta ci gaba da aikinta gwargwadon hali, domin ƙafarta ta san hanyoyin gidan. Matsalar ita ce hanyoyin ba sa zama yadda ta san su. Yau Malam zai jawo wani ƙarfe yana neman abu a ƙarƙashinsa, ya manta bai mayar ba. Gobe akuya za ta ture tulin gwangwanaye. Wata safiya da rani, Furera ta ɗauko tukunyar koko daga murhu za ta kai bakin ƙofar ɗaki, ƙafarta ta sarƙe da ƙarfen wani keke da ya zamo daga inda aka jingine shi. Ta faɗi, koko ya zube mata a hannu, gefen tsohon kwanon rufi ya tsaga mata ƙwauri.

Ciwon ya warke, amma Furera ba ta koma yadda take ba. Ta daina fitowa tsakar gida sai an riƙe mata hannu. Daddawa ta tsaya. Ummu Salma, matar maƙwabcinsu, ita ce take shigowa ta ɗora musu tukunya ta ɗebo ruwa. Macen da muryarta take kaiwa har zaure ta koma zama a bakin gado, hannu a cinya, tana sauraron kaji.

Da labarin faɗuwar ya kai Kano, Kamaruddeen ya zo ranar wata Asabar da motar a-kori-kura da wasu ƙarti biyu. Ya gaida iyayensa, ya duba ƙafar mahaifiyarsa, ya fito ya ce da ƙartin su fara lodi daga zaure. Malam Mani yana dawowa daga masallaci ya tarar ana jefa kayansa a mota kamar ana kwashe bola, akwatin katakon da ya shekara da shekaru yana zama a kai ya kife, noti sun watse a ƙasa.

"Kamaru, gidan nan nawa ne ko naka?"

"Naka ne, Baba. Amma ka ga ƙafar Inna. Yau ɗin nan a kwashe komai a huta."

"Sauke."

"Baba, don Allah..."

"Na ce sauke."

Aka sauke. Kamaruddeen ya sallami ƙartin, ya shiga ya yi wa mahaifiyarsa sallama, ya koma Kano ko abinci bai tsaya ci ba.

Malam Mani ya wuni a zaure yana tsintar noti ɗaya-ɗaya. Ya san yaron yana da gaskiya, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Tun ranar da ya ɗaga Furera daga ƙasa, koko yana ɗiga daga hannunta, yake cewa a ransa zai gyara gidan. Amma duk sa'ad da ya tsaya a tsakar gida ya dubi tulin nan, daga katanga zuwa katanga, sai ya ga aikin ya fi ƙarfinsa. Bai san ta inda zai kama ba. Sai ya ɗauki buta ya fita.

Washegari da safe ya kai mata koko, ya ɗiga mata magani, zai fita sai ta ce ya ɗan zauna.

"Malam, kada ka riƙe yaron nan a rai. Tsoro ne ya sa shi. Ni kuma ban ce a kwashe maka kayanka ba, na san yadda ka tara su. Abu ɗaya nake roƙo."

"Ina jin ki."

"Daga bakin ƙofar nan zuwa randa. Shi ke nan. Na gaji da kiran mutum duk sa'ad da zan sha ruwa."

Malam Mani ya leƙa waje ya dubi wurin. Ba wani nisa ba ne. Ya ɗauko kwandon da ake zuba harawa, ya durƙusa a kan gwiwarsa mai lafiya, ya fara tsinta: guntun kaca, murfin jarka, ƙafar kujera, takalmi wari ɗaya, wani tulin buhunan taki da rana ta cinye. Kafin kokonsa ya huce hanya ta buɗe, kuma duk abin da ya kwashe bai fi cikin kwandon ba. Ya sa tsintsiya ya share. Furera ta miƙe, ta dafa bango, ta taka a hankali har hannunta ya taɓa bakin randa. Ta ɗebi ruwa da moɗa ta sha a tsaye.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ruwan ma ya fi daɗi."

Sai ya rage abin da ke cikin kwando. Malam Mani ya ɗauka ya nufi bayan rumbu da shi, ta ji tafiyarsa.

"Ina za ka kai?"

"Zan ajiye ne a can."

"Kawo in gani."

Ya ajiye kwandon a gabanta. Ta riƙa ɗauka tana shafawa da yatsu. Takalmin ta ce na Tahira ne tun tana budurwa, ɗayan ya faɗa rijiya, babu mai sa shi har abada. Murfin jarkar ta ce Ummu Salma tana ta neman irinsa, jarkarta da leda take toshe ta. Buhunan kuwa tana taɓa su suka rududduge a hannunta. Ta yi dariya, karo na farko tun faɗuwarta.

"Wannan kuma wane amfani zai yi, Malam?"

Ya dubi garin buhun a tafin hannunta, ya kakkaɓe mata shi.

Kashegari ta roƙi hanyar murhu. Bayan nan ta roƙi hanyar bayan gida. Daga nan ba ta ƙara roƙon komai ba, domin shi da kansa yake ɗauko kwandon. Abin ya zame masa kamar wuridi. In ya dawo daga sallar asuba gari ya yi haske, kafin ya sha koko, zai zaɓi wuri ɗaya ƙarami, faɗin tabarma ko ma bai kai ba, ya cika kwando ya kawo gabanta. Bai yarda ya dubi sauran gidan ba, inda ya zaɓa kawai yake kallo. In kwando ya cika ya tsaya, ko da yana jin ƙarfin ƙarawa, domin ya lura ranar da ya zaƙe washegari gwiwa ba ta barinsa ya tashi.

Zaman tantance kayan shi ne ya fi yi musu daɗi. Furera tana da riƙon abu a ka. Ta shafa wata ƙaramar ƙararrawar keke ta ce wannan ce Kamaru ya kwance yana yaro ya ɗaura wa ɗan akuya a wuya, aka kwana biyu ana neman inda ƙarar take fitowa. Ta shafa wani murfin samira ta ce cikin kayan aurenta yake, ta shekara tana zargin kaji da maƙwabta, ashe Malam ne ya mai da shi mazubin man giris. Wani lokaci su yi gardama. Shi ya ce abu yana da sauran rai, ita ta ce to ya faɗi sunan mutum ɗaya da zai ba, in ya faɗa a kai masa yau, in ya rasa a sa a tulin ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Sau da yawa yana samun sunan. Da la'asar sai a gan shi yana zaga ƙauye da abu a hannu, yana sallama a ƙofar gidaje. Mutanen da suka saba kawo masa tarkace suka ga yanzu shi yake kai musu abin da suke bukata, sai suka ji nauyin ƙara kawo nasu.

Ƙarafan da suka ci tsatsa ya riƙa tara su a waje, gefen zaure, mai sayen gwangwan yana biyowa da kurarsa lokaci-lokaci yana aunawa. Abin da aka samu maganin ido yake tafiya. Tsummoki da ruɓaɓɓen kara da ƙasar da ta taru a ƙarƙashin kaya shekara da shekaru kuwa, baƙa wuluk, jaki ya kwashe su a mangala zuwa gonar bayan gari. Wasu kayan ma sun yi amfanin da aka ajiye su dominsa. Tsofaffin tif ya yanka ya tufka wata doguwar igiya, ya ɗaura ta daga ƙofar ɗaki zuwa murhu daidai tsayin hannun Furera, ta riƙa bi har ƙafarta ta saba, sannan ta ce ya kwance kayarsa, tana kama mata mayafi.

Ba kullum abin yake tafiya daidai ba. Da damina ta sauka aikin gona ya sha kansa, wata rana abin da zai iya bai wuce ya ɗauki abu ɗaya a hanyarsa ta fita ba. Da zazzaɓi ya kwantar da shi kwandon ya daɗe a kife. Tsohon hali ma bai saki mutum haka nan ba. Wata ranar kasuwa ya dawo daga Tsanyawa, ya zauna kusa da ita yana ba ta labarin tsadar taki, sai ta karkata kai.

"Malam, aljihunka yana magana."

"Goro ne."

"Goron ƙarfe?"

Ya zaro wasu noti biyu da wata sakata da ya tsinta a bakin titi. Ta miƙa hannu ta karɓa, ta ce sakatar a sa wa ƙofar akurkin kaji da take buɗewa da kanta, notin kuwa ta ɗaure su a bakin zaninta ta ce sai ya kawo sunan mai so.

Abu ɗaya da ya koya da wuya shi ne mayar da kaya inda ya ɗauke su. Furera ta ce masa ita yanzu idonta shi ne wurin zaman abu. In buta ta bar gindin turmi, to a wurinta buta ta ɓata. Mutumin da ya shekara sittin yana ajiye abu duk inda hannunsa ya kai, sai ga shi yana dawowa daga ƙofar zaure don ya tuna ya bar wuƙa a kan kujera.

A zaure, can ƙarƙashin tulin tayoyi, ya tono wani baƙin keke irin na da, mai ƙarfi. Yana ganin sirdin ya gane shi. Na Zakiyyu ne, wani abokinsa da ya kawo gyaran birki, ya tafi cin rani Kudu a satin, rashin lafiya ta same shi a can bai dawo ba. Lokacin ɗansa Abdulkabir yana goye. Malam Mani ya ajiye kwando na 'yan kwanaki, ya zauna ya kwance keken gaba ɗaya, ya wanke da kananzir, ya zaɓo masa kaca da feda mafi kyau daga cikin tarinsa. Da ya gama ya tura shi har ƙofar gidan Abdulkabir, wanda yanzu magidanci ne da 'ya'yansa.

"Na mahaifinka ne. Gyara ya kawo."

Abdulkabir ya daɗe yana riƙe da kan keken. Ya ce shi bai san fuskar mahaifinsa ba, kuma bai taɓa mallakar wani abu da hannunsa ya taɓa ba sai yau. Ya durƙusa zai yi godiya, Malam Mani ya ɗaga shi, ya ce ya riƙa sa wa kacar mai, ya juya da sauri don kada a ga idonsa.

Ɗakin Iya ne ya zo ƙarshe, bayan an gama girbi an kai amfani rumbu. Buhuna da tarkacen bakin ƙofa ba su ba shi wuya ba. Da ya kai ga kayanta na ainihi sai ya tsaya. Ga gadonta na kara, ga akushin da take ci a ciki, ga kwandon kaɗinta da mazari da guntun alli da abawar da ba ta ƙarasa ba. Ya yi safiya da yawa yana shiga ya zauna ya fito da kwando wayam. Furera tana jin shigarsa da fitarsa. Ran nan dai ta ce ya kama hannunta ya kai ta. Ta zauna a bakin gadon, ya riƙa miƙo mata kaya, suna hirar Iya: yadda take ɓoye wa jikoki ƙuli-ƙuli a cikin kwandon kaɗi, da yadda ta koya wa Furera gane kalwar da ta nuna da ƙamshi kawai. Suka yi mata addu'a. Zannuwan da suka yi saura aka wanke aka ba wasu tsofaffi biyu da suka yi zamani da ita. Akushin aka aika wa Tahira, don ita ce 'yar ɗakinta. Mazarin kuwa Malam Mani ya sa a aljihu, Furera ta ji, ba ta tambaye shi sunan kowa ba.

Da aka janye gadon ne aka ga abin da ya tsorata Malam Mani. Gara ta hau bango ta bayan kaya, ta cinye azara biyu har sun zama kamar ɓawon gyaɗa, rufin ya fara lotsawa ta kusurwa. Maginin da aka kira ya ce da wuya ya ƙara ɗaukar ruwan wata damina, kuma bangon ɗaya ne da na ɗakin da suke kwana. Malam Mani ya fito tsakar gida ya zauna a kan turmi, ya yi ta maimaita hamdala. Aka sake azara, aka yi yaɓe, mata suka taru suka yi daɓe.

A ranar ya sa aka kira masa Kamaruddeen a waya.

"Kamaru, motar nan taka tana nan?"

"Wace mota, Baba?"

"Wadda ka zo da ita. Akwai ƙarfen gado da wasu manyan kaya da suka fi ƙarfina. In ka sami sarari."

Kamaruddeen ya zo a ƙarshen makon. Ya yi sallama a zaure ya ji muryarsa tana amsa kuwwa, ya shiga tsakar gida ya tsaya turus. Tabarmi ne shimfiɗe an baza kalwa tana shan rana, mahaifiyarsa tana tsugune a bakin murhu tana gyara wuta, Ummu Salma tana taya ta tsince tsakuwa. Ya duƙa a gaban mahaifinsa ya ce a yafe masa abin da ya yi rannan. Malam Mani ya ce babu komai, shi ma da ya biye wa ransa da har yau tarkacen suna nan, ya tashi su kama ƙarfen kafin rana ta yi zafi. Suka yi lodin tare, uban yana nuna abin da za a ɗauka, ɗan yana tambaya kafin ya taɓa kowane abu. Akwatin katakon nan da famfo da sifanu suka zauna a kusurwar zaure, domin har yanzu akan sami mai kawo faci jefi-jefi.

Hasken idon Furera bai ƙaru ba, ya ma ɗan ƙara raguwa. Amma daddawa ta dawo, ko da ba ta kai yawan ta da ba, kuma muryarta ta koma kaiwa zaure. In mata suka shigo yi mata jaje sai ta ce su taya ta godiya, ita da take zaune a bakin gado kamar kayan wanki, yau ga ta tana zaga gidanta.

Da bazara ta gabato aka kawo Zulfa gida goyon ciki, haihuwar fari. A ɗakin Iya aka sauke ta, sabon daɓe, an sa labule. Ta haifi mace. Ranar suna tsakar gidan ta ɗauki mata har da na Shanono da Rimin Gado, aka kafa tukwane a inda tayoyi suke a da, yara suna ta guje-guje babu mai ce musu a kula da ƙarfe.

Bayan suna da 'yan kwanaki, da hantsi, Malam Mani yana zaune a inuwar rumbu yana gyara ƙotar sungumi don shuka ta kusa. Zulfa tana wanka a bayan gida, jaririyar ta farka ta fara kuka. Ya yunƙura zai tashi, sai ya ga Furera ta riga shi. Ta fito daga ɗakinta ba ta dafa komai ba, ta ratsa tsakar gida ta shiga ɗakin Iya. Kukan ya lafa. Can ta fito da yarinyar a kafaɗa, tana jijjiga ta tana yi mata 'yar waƙa, ta nufo inda take jin ƙarar aikinsa.

"Malam, matsa mini in zauna. Kuma ka wanke hannu kafin ka karɓe ta, ina jin warin tsatsa tun daga nan."

Ya ajiye sungumin, ya tashi ya ɗauko buta.